Wai me zaren faiba yake yi a cikin rijiyar mai?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah ina da tambaya ga masu aikin rijiyoyin mai da gas. Jiya ina karatu na ci karo da maganar cewa yanzu ana zura kebul ɗin faiba cikin rijiyar mai, ni kuma iya sanina faiba ta intanet ce, haske ke bi ta ciki ya kai saƙo. Toh saƙon me ake aikawa ƙasan rijiya, waye a can zai karɓa? ko dai akwai wata na'ura a ƙasan da ke turo bayani ta cikinta? Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Mai Jonin Faiba:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ni faiba ce sana'ata amma ta sadarwa, ban taɓa zuwa bakin rijiyar mai ba. Abin da zan iya ce miki, zaren gilashi ne zalla, kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na milimita, kusan silin gashi, kuma tsakiyar da hasken ke bi ba ta ma kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. In ka lanƙwasa shi da yawa haske ya zube, in ƙura ta hau bakinsa sigina ya faɗi. Shi ya sa nima nake mamaki ace abu mai laulayi haka za a kai shi inda ƙarfe ma ke shan wuya. Inaga dai na'ura ce a ƙasan, faibar hanya ce kawai. Bari masu abin su zo.

Injiniyan Rijiya:
A'a Malam, ai nan ne abin ya fi daɗi, a mafi yawan lokuta babu wata na'ura a ƙasa. Zaren da kansa shi ne ma'aunin, tun daga bakin rijiya har gindinta.

Ƙanwata ki ɗauka kin leƙa rijiya mai zurfi kin ƙwala kira, muryarki ta dawo miki, in kin iya ƙirga lokacin da ta ɗauka za ki san zurfin. Haka ake yi da haske. A sama akwai wani akwati da ke harba ɗan guntun hasken lesa cikin zaren, shi kuma gilashi komai tsabtarsa cikinsa ba sumul yake ba, don haka duk inda hasken ya wuce sai ɗan ƙanƙanin abu ya watse ya dawo baya. Haske a cikin gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kenan kowace mita ɗaya, zuwa da dawowa, kashi goma cikin biliyan na daƙiƙa take ci. Akwatin yana riƙe da wannan lissafin, sai ya san wannan hasken daga mita 900 ya dawo, wancan daga mita 2,500.

Sannan wani ɓangare na hasken da ya dawo launinsa ya ɗan sauya, kuma iri biyu ne, ɗaya ƙarfinsa na ƙaruwa in zafi ya ƙaru, ɗayan kusan ko a jikinsa. In aka gwama su sai a fitar da zafin wannan wajen. Wani masani ɗan Indiya, Raman, shi ya gano wannan sauyin launin a 1928, har ya samu kyautar Nobel a 1930, amma sai a shekarun 1980 masu bincike a Ingila suka mayar da shi hanyar auna zafi a tsawon zare. Masu aikin suna kiransa DTS. Rijiya mai kilomita huɗu kamar kin jera ma'aunin zafi dubu huɗu ne a ciki, kuma ba ɗaya da ke buƙatar wutar lantarki.

Ɗalibar Kimiyya:
Ikon Allah! Na gode Yaya, wannan ya shiga. Amma ai mai ake nema ba zafi ba, sanin zafin me zai ƙara wa mai rijiya?

Hajiya Mai Lissafi:
Bari in shigo nan tunda fassara wannan bayanin shi ne aikina. Ƙasa tana da nata tsarin zafi, duk kilomita ɗaya da aka nutsa ana ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30, in rijiya na zaune ba ta aiki layin zafin miƙaƙƙe za ki gan shi. Duk abin da ya motsa a ciki sai ya karkatar da layin nan. Gas in ya fito daga dutse ya shigo bututu yana faɗaɗa, faɗaɗar nan kuma sanyi take kawowa, sai ki ga layin ya lotsa daidai inda gas ke shigowa. In ɓulin bututu ne ma haka. Rijiyar da ake tura ruwa cikinta kuma, in an tsayar da famfo aka zuba ido, dutsen da ya sha ruwa da yawa shi zai daɗe bai koma zafinsa ba, nan za a gane ina ruwan ke tafiya. Har siminti da ake zubawa bayan bututun ƙarfe, yayin da yake kamawa zafi yake fitarwa, in akwai zare a wajen za a ga iya inda simintin ya kai da inda aka bar rami.

Tsohon Ma'aikaci:
Na karanta duka, kuma 'yata kin yi tambaya mai kyau. Amma ku bi ta a hankali kar ta ɗauka an gama magana. Ni na yi shekaru ina zura na'ura da wayar ƙarfe cikin rijiya, sana'ar da 'yan uwan nan biyu Conrad da Marcel Schlumberger suka fara a Pechelbronn ta Faransa a 1927, kuma har gobe da ita ake aiki. In na zura na'ura mai 'yar farfela, farfelar juyawa take yi, in ga da idona nawa ke wucewa a wannan zurfin. Zafi kuwa fassara ce, mutum biyu za su kalli layi ɗaya kowa ya faɗi nasa, Hajiya in na yi ƙarya ki gyara min.

Na biyu kuma na gani da idona. An sa faiba a wata rijiya da ake tura tururi, aka yi ta murna, ba a rufa shekara ba hasken ya fara dusashewa, lambobin da take bayarwa suka fara kaucewa kuma ba wanda ya lura da wuri, don na'urar ba ta mutu ba, ƙarya kawai ta koma yi. Wannan ya fi min ciwo a kan ace ta mutu gaba ɗaya. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Hajiya Mai Lissafi:
Ba ka yi ƙarya ba Baba, musamman a rijiyar da aka haƙa a kwance, can zurfin kusan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, bambancin zafin ɗan kaɗan ne, fassarar tana ba da wuya sosai. Amma farfelarka ma hoton rana ɗaya take ba ka, kuma kafin a zura ta sai an kawo mota da ma'aikata, wani lokaci a taɓa aikin rijiyar. Zaren yana nan dare da rana.

Injiniyan Rijiya:
Baba abin da ka gani gaskiya ne kuma yana da suna, haidurojin ne ya makantar da zaren. Rijiya cike take da shi, wani daga ruwan da man, wani daga tsatsar ƙarfe. Ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana ratsa bututun ƙarfe ta shige cikin gilashin, in da zafi kuma abin sauri yake. Wani ɓangaren in haidurojin ya fita zaren ya warke, amma in ya haɗu da gilashin ya zama wani sinadari toh shi kenan, ya riƙa shanye haske har abada. Kuma bai shanye launukan nan biyu daidai wa daida, shi ya sa lissafin zafin yake kaucewa.

Ni a ganina ƙirƙirar gaske a fannin nan duk a nan take, ba a akwatin lesa ba. Rigar roba da ke jikin faibar sadarwa iyakarta kamar digiri 85, sai aka koma wata roba mai suna foliyimaid da ke jure kusan digiri 300, akwai ma masu rigar alminiyam ko zinare. Aka zo da wani siririn shafe na kabon a jikin gilashin don tare haidurojin, yana aiki, amma in zafi ya haura kamar digiri 150 ƙarfinsa raguwa yake. Sai aka gano cewa sinadarin jamaniyam da ake sawa a tsakiyar zaren yana daga cikin abin da haidurojin ke kamawa, sai aka cire shi, aka bar tsakiyar gilashi tsantsa, aka sa fulorin a gefen. Rijiyoyin tururi na Alberta a Kanada, inda ake haƙa biyu a kwance, ɗaya a saman ɗaya da tazarar kamar mita biyar, a tura tururi mai zafin sama da digiri 200 don narkar da mai mai kauri, su suka fi matsa wa masu ƙera zare lamba a kan wannan.

Mai Jonin Faiba:
Kai wannan ya ba ni mamaki. Mu a wajenmu jamaniyam ɗin nan shi ne gatan faiba, shi ke sa tsakiyar ta riƙe haske. Tun lokacin da Charles Kao da abokin aikinsa Hockham suka nuna a 1966 cewa datti ne ke cinye haske ba gilashin kansa ba, har kamfanin Corning suka fitar da zare mai ƙarancin asara a 1970, duk faɗan a kan haske ya yi nisa ne. Mu kuma hasken da ke dawowa baya asara muke ɗaukarsa, sai dai in muna neman inda kebul ya yanke. Ashe wasu shi ne abin nemansu. Injiniya toh ya ake kare shi daga karyewa, ni da nake ganin yadda yake tsinkewa a hannu?

Injiniyan Rijiya:
Ba tsirara ake kai shi ba Malam. Ana shimfiɗa zaren a kan siririn faifan ƙarfe mara tsatsa, a naɗe ƙarfen ya zama ɗan bututu, a yi masa walda da lesa a tsawonsa ba tare da an ƙona zaren ba, wannan kaɗai ƙirƙira ce babba. A ciki ana sa wani mai kauri kamar man shafawa mai tsotse haidurojin. Sai a sake sa wannan cikin wani bututun mai kaurin kwatan inci, galibi na ƙarfe mai nikel da yawa saboda gas mai guba da ke cin ƙarfe.

Abin da ya fi burge ni shi ne rarar tsawo. Ƙarfe in ya ji zafi yana miƙewa fiye da gilashi nesa ba kusa ba, ga nauyinsa da ke ja in an rataye shi kilomita uku ko huɗu. In tsawonsu ɗaya ƙarfen zai ja zaren ya tsinke, don haka da gangan ake cusa zaren ya ɗan fi bututun tsawo, yana kwance a ciki a ɗan murɗe. In rarar ta yi kaɗan ya tsinke, in ta yi yawa ya tanƙware haske ya zube, kuma dole a san iya rarar don kar lissafin zurfi ya ɓaci. Sannan a kowace mahaɗar bututun rijiya ana ɗaura masa maɗauri na ƙarfe don kar ya gogi bango. In a bayan bututun aka binne shi cikin siminti kuma, ranar da za a fasa ramukan da mai zai shigo, sai an fara gano ta wane gefe kebul ɗin yake a juya nakiyar da ke fasa ramukan ta kalli wani wajen. Wasu kuma bututun kawai suke sawa, ya sauka ya juyo ya dawo sama, daga baya a tura zaren da ruwa, in ya makance a zaro shi a tura sabo.

Tsohon Ma'aikaci:
Yawwa ɗana, yanzu ka zo inda nake. Duk wannan sai an tsara shi tun kafin a kammala rijiyar, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba ka faɗi mahaɗa ba. Zaren zai iya zama lafiya lau kilomita huɗu, amma wajen da zai ratsa kan rijiya ya fito, ko wajen da aka jona, nan ake faɗuwa, rijiya ta bayar guga ya hana. Wayar lantarki in ta haɗu ta haɗu, wannan kuwa sai tsakiya ta kalli tsakiya daidai, abin da ido ba ya gani. Ka yi tunanin rijiyar ƙarƙashin teku inda za a haɗa su cikin ruwa da laka ba hannun mutum.

Injiniyan Rijiya:
Ban musa ba Baba, mahaɗar cikin ruwa ita ce ta fi jinkirta shigar faiba rijiyoyin teku. An ƙera masu rufaffen ɗaki cike da mai, bakin zaren ba ya buɗewa sai sun haɗu, kuma ana ci gaba da gyara su. Amma ka tuna me ya sa aka nemi gilashin tun farko, kayan lantarki zafi ke kashe su, ma'aikata na da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri goma yana kusan raba rayuwarsu biyu. Da faiba duk abin da zai iya lalacewa na lantarki yana sama, in ya mutu a canja akwati, ba sai an zaro bututun rijiya ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Kun tsaya a zafi kun manta da kunne, wanda ni a wajena shi ne babban sauyin. Mafi yawan hasken da ke dawowa launinsa bai sauya ba, irin watsuwar da masani Rayleigh ya yi bayani, wadda ke sa sama ta yi shuɗi. In sauti ya girgiza zaren, ko da miƙewar ba ta kai a misalta ba, tsarin hasken da ke dawowa daga wannan wajen sai ya canja. Rijiya mai kilomita huɗu hasken na zuwa ya dawo cikin kashi 40 cikin miliyan na daƙiƙa, kenan ana iya harbawa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, sai zaren ya zama jerin makirufo. Wannan shi ne DAS, kuma kamfanin mai na Shell sun gwada shi cikin rijiyar gas a Kanada a 2009 lokacin fasa dutse da ruwa mai matsi.

Da shi ake jin wane rami ne ke shan ruwan fasa dutse wane ne ya toshe, ana jin yashi in ya fara shigowa yana karce bututu, ana jin ɓuli yana huci, ana jin bawul in ya buɗe. Har hoton ƙarƙashin ƙasa ake ɗauka, a girgiza ƙasa daga sama zaren ya saurara a duk tsawon rijiyar lokaci guda. Yana da rauninsa fa, ya fi jin girgizar da ta zo ta tsawonsa, wadda ta buge shi ta gefe ba ya ji sosai, shi ya sa aka ƙirƙiro kebul da zaren ke naɗe a ciki kamar igiyar da aka murɗa, wasu kuma suka ƙera zare mai maido da haske fiye da na kullum. Matsalata ni ita ce yawan data, rijiya ɗaya za ta iya cika terabait a rana, in ba wanda zai zauna ya fassara ko manhajar da za ta tace, faifai kawai ake tarawa.

Ɗalibar Kimiyya:
Anti wannan na kunnen ya fi kama min hankali gaskiya. Toh kenan nan gaba za a daina zura na'urorin su Baba? Kuma rijiyoyin da aka riga aka haƙa tun da daɗewa fa, shi kenan sun rasa?

Tsohon Ma'aikaci:
'Yata ki riƙe wannan, faiba ji take tana faɗa, ba ta haƙa, ba ta ɗaga mai, ba ta rufe rijiya. Abin da ya sa ake iya huda dutse mai tauri shi ne bakin haƙa mai juyawa da Howard Hughes babba ya yi wa rijista a 1909, daga baya aka zo da masu haƙoran lu'ulu'un da aka ƙera. Abin da ke danne rijiya in ta taso shi ne na'urar da Abercrombie da Cameron suka ƙera a 1922, kuma duniya ta ga abin da ke faruwa in ba ta rufe ba a 2010 a tekun Meziko, mutum 11 suka rasu, mai ya yi ta kwarara kwana 87. Famfon da ake nutsawa ƙasan rijiya, wanda Arutunoff ya ƙirƙiro, har yau da wutar lantarki yake aiki. Lokacin haƙa ma, bayanin da ke fitowa daga ƙasa galibi ta bugun matsin lakar da ake turawa cikin bututun haƙa yake zuwa, a hankali ƙwarai, don bututun yana juyawa ana ta ƙara masa tsawo, ba inda zare zai zauna.

Injiniyan Rijiya:
Duk haka ne. Ko a auna matsi ma, ma'aunin lantarki mai ƙwayar kwaz, wani dutse mai kama da gilashi, har yanzu shi ne aka fi yarda da shi, duk da akwai na gilashi, wanda ake zana wasu 'yan layuka a cikin tsakiyar zaren su riƙa maido da launi guda, in zaren ya miƙe launin ya gusa. Ken Hill ne ya fara gano wannan a Kanada a 1978.

Tsofaffin rijiyoyi kuma ba su rasa ba ƙanwata. Yanzu ana sa zaren a cikin irin wayar ƙarfen da su Baba ke zurawa, ko cikin bututun naɗi, a bar shi kwana ɗaya ko biyu a saurara a zaro. Akwai ma na amfani sau ɗaya, a saki wani ɗan ƙarfe ya nutse yana warware zare tsirara a bayansa, a ɗauki bayani na 'yan awoyi. Inda na fi ganin amfanin wannan shi ne rijiyar da za a rufe ta har abada, kafin a toshe a san ko gas na silalowa ta bayan siminti, da rijiyoyin da ake adana iskar kabon a ƙasa, da waɗanda ake haƙawa don ɗebo zafin ƙasa.

Tsohon Ma'aikaci:
Na ɓulin bayan siminti na yarda, nan kam ta fi mu, don mu tsayawa muke tasha tasha muna saurare, in ɓulin mai zuwa da ɗaukewa ne sai mu wuce shi. Amma sharaɗina yana nan, duk inda aka sa zare a sa ma'aunin lantarki ko ɗaya ne a gindinsa a riƙa gwama su, kar a sake yin irin wadda na gani.

Hajiya Mai Lissafi:
Ana yin haka Baba, kuma akwai ƙari, in zaren ya sauka ya juyo ya dawo sai a harba hasken ta baki biyun, abin da haidurojin ya cinye sai a lissafa a cire shi. Wasu akwatunan lesa biyu suke amfani da su don wannan gyaran. Zurfi ma sai an tabbatar, a ƙwanƙwasa kan rijiya a ga a wace mita ƙarar ta bayyana, daga nan ake fara ƙirga.

Mai Jonin Faiba:
Wannan ƙwanƙwasar ta yi kama da yadda muke lanƙwasa zare don gane wanne ne a cikin kebul. Injiniya tambaya ta ƙarshe, jonin da ake yi a bakin rijiya da injin narkarwa irin namu ake yi? don namu tartsatsin wuta yake yi, ga kuma gas a wajen.

Injiniyan Rijiya:
Irin naku ne Malam, shi ya sa ba a kunna shi sai da takardar izinin aikin wuta, ga mai auna gas tsaye a gefe, wani lokaci a cikin rufaffiyar rumfa da ake hura mata iska mai tsabta. Rigar foliyimaid ɗin ma ba ta fita da irin abin feƙewar da kuke amfani da shi, sai da zafi ko sinadari. In an gama jonin a auna hasken, a rufe shi cikin kwanson ƙarfe, a gwada kwanson da matsi, sannan a ba masu sauke bututu izinin su ci gaba.